Bishiyar da Ruwan Alwala Ya Raya

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan faɗa ya daɗe ƙwarai, kuma a 'yan shekarun nan na lura abin da na gani da idona da abin da aka ba ni labari sun fara cakuɗewa a kaina. Wani lokaci sai in rantse ina wurin aka yi abu, daga baya ƙanwata ta ce ai a lokacin ina makaranta. Saboda haka ba zan kawo shekara ba, ba zan kuma ambaci sunan kowa ba. Inda na tabbata zan faɗa, inda nake shakka zan ce ina shakka.

Abin da ya tayar mini da maganar ƙaramin abu ne. Kwanan baya na ga jikata ta yage wata 'yar leda ta zazzage jan gari a tukunyar shinkafa, nan take shinkafar ta rine. Na tambaye ta mene ne a ciki, ta ce ita ma ba ta sani ba, kala ce kawai. Ban ga laifinta ba. Amma na koma ɗaki na zauna ina tuna wata bishiya da ke tsakar gidanmu a Kazaure, wadda in ana son shinkafa ta yi irin wannan launi sai an biya ta wurinta, an kuma biya ta wurin mai ita.

Mai ita kakata ce, mahaifiyar babanmu, wadda duk gidan ke kira Iya. Bishiyar kuwa ba ta da suna a garinmu, domin ba 'yar ƙasar ba ce. 'Yan unguwa suna ce mata jan Iya, shi ke nan. Yadda aka gaya mini, kakanmu fataucin goro ya yi, kuma a ƙuruciyarsu ya taɓa tafiya da Iya can Kurmi suka zauna 'yan shekaru. A can ta ga matan garin suna rina abinci da 'ya'yan wannan bishiya, suna kuma shafa su a jiki. Da za su dawo sai ta ƙulle 'yan ƙwayoyi a bakin zane. Ta shuka da yawa, ɗaya ce ta rayu, a gefen rijiya, jikin katangar gabas. Kakanmu ya rasu tun kafin a haife ni. Ni dai na buɗe ido na tarar da Iya da bishiyarta.

Ba babbar bishiya ba ce. In ban manta ba ta ɗan ɗara katanga, kuma tun daga ƙasa ta rabu rassa-rassa, kamar lallen da ya samu wuri ya sake. Ganyenta faɗi gare shi, mai tsini a baki, ya ɗan yi kama da na dankali, jijiyoyinsa da ɗan sirkin ja. Wajen ƙarshen damina take fure a kan rassa, tari-tari, fari mai ratsin ja, da gashi-gashi da yawa a tsakiya. Furen ba ya daɗewa, wanda ya buɗe da safiyar yau kafin gobe ya zube. Amma da hantsi in ka tsaya a gindinta ba ka jin komai sai kukan ƙudan zuma. Bayan fure sai kwanso, mai siffar zuciyar ɗan akuya, duk jikinsa ƙaya-ƙaya, sai dai ƙayar mai laushi ce, ba ta suka. Yakan fara da kore, ya koma ja, in ya bushe ya zama ruwan ƙasa ya tsage biyu da kansa. A ciki ƙwayoyi ne kusan girman dawa, kowace a lulluɓe da wani jan abu mai maiƙo. In ka murza ɗaya tsakanin yatsu, ka wuni da shaida a hannu, kuma ba ka da bakin musun cewa ba ka taɓa ba. In iska ta kaɗa busassun kwanson sukan yi wata 'yar ƙara kamar ana girgiza caki a nesa. Da wannan ƙara muke sanin kaka ta yi nisa.

Aikinta na farko a tukunya ne. A wancan zamani, wajen shekarun da aka ba mu 'yan tutoci a makaranta aka ce an samu mulkin kai, manja ba kowa ke ganin sa ba a wajenmu. Iya takan ɗora man gyaɗa a wuta kaɗan, ta watsa ƙwayoyin, ta yi ta juyawa a hankali har man ya zama ruwan goro mai haske, sannan ta tace da tsumma mai tsabta. Takan ce in wuta ta yi yawa launin ya ƙone ya bar ɗaci. Ɗanɗano ba shi da wani yawa, ɗan ƙanshin ƙasa-ƙasa ne kawai, ido ne ke cin rabonsa. Amma shinkafar Sallar gidanmu, in aka buɗe kwano a zaure, sai ka ga baƙi sun gyara zama. Da rani kuma, lokacin da man shanu ke fitowa fari fat saboda shanu ba sa samun ɗanyar ciyawa, matan Fulani masu tallan nono sukan tsaya su roƙi 'yan ƙwayoyi. Iya takan ba su, ta ce, “Amma in mai saye ya tambaya ku gaya masa gaskiya, kada a ce da ni aka haɗa baki.”

Aikinta na biyu a kaba ne. A ruwa zalla launin ba ya sakin jiki, sai an sa kanwa. Iya takan jiƙa ƙwayoyin a ruwan kanwa, ta murje su, ta tafasa tsagaggiyar kaba a ciki. Mata da yawa suna saƙa faifai a garin, da jan karan dafi mai duhu, da rawayar da ake haƙo saiwarta a jeji. Na Iya yana tsakanin biyun, ba ja ba, ba rawaya ba, kamar garwashin da aka hura. An ce ko a kasuwar Gwiwa aka baje faifanta, mata kan gane daga nesa. Aibinsa ɗaya, ba ya jure rana. Duk amaryar da Iya ta ba faifai sai ta ja mata kunne kada ta rataye shi inda rana ke leƙowa. 'Yan mata kuma ranar Sallah sukan yi layi a ƙofarta su dangwali ƙwaya ɗaya su goga a leɓe. Na kuma tuna ana dafa ganyen a ba mai zazzaɓi, amma ban san ko yana magani ba, kuma ba na so wani ya karanta wannan ya je ya gwada da sunana.

Ƙasarmu ba ƙasar wannan bishiya ba ce. Daminarmu gajera, raninmu dogo, ƙasar yashi da tsakuwa. Duk da haka ban taɓa ganin Iya ta ɗauki tulu ta ce za ta yi mata ban-ruwa ba. Doka ta kafa: duk mai alwala a gidan nan, a gindin bishiya zai yi. Ta sa an jera faffaɗan duwatsu da aka ɗauko daga gindin dutsen bayan gari, na maza ta gefen zaure, na mata ta gefen rijiya. Baƙin da ba sa shiga cikin gida kuwa, akwai wani tsohon kasko a ƙofar zaure, a kansa suke alwala, in ya cika a ɗauko a juye mata. Ruwan sabulu ba ya zuwa wurin, na wanke-wanke ma haka. Gidanmu babban gida ne, da ƙannen babanmu da matansu da 'ya'yansu, saboda haka daga asuba zuwa lisha ƙasar wurin ba ta bushewa.

Wata rana na makara, na tsuguna a ƙofar ɗakinmu ina alwala cikin sauri. Ban san tana kallo ba.

“Kai, mijin banza! Ruwan wa kake zubarwa a nan?”

“Iya, an tayar da salla.”

“An tayar, ai ba a sallame ba. Ba ka kawo cefane ba, ba ka ɗinka mini zane ba, ɗan ruwan ma sai ka hana ni? Ba ni takardata in tafi gidanmu.”

“Na ba ki, tsohuwa. Gobe zan auro mai haƙora.”

“Da wannan wandon mai tagogi biyu a baya? Tashi ka ƙarasa a can, kafin in sa a ƙara maka taga ta uku.”

Haka muke da ita, kamar yadda kowace kaka take da jikanta. Na tashi na ƙarasa a kan dutse, na kuma rasa raka'a.

Yanzu in na tuna wurin, ba bishiyar kaɗai nake tunawa ba. A nan ake haɗuwa. Wanda ya dawo daga gona da wanda ya dawo daga kasuwa, a kan duwatsun nan suke jin labarin juna, wannan yana jiran wancan ya gama da buta. A nan ake gane yaron da bai iya wanke gwiwar hannu ba a gyara masa. Ruwa in ya sauka a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ya ƙara, wani ɗan sauti yake mai taushi, sai ƙanshi ya taso. A gidan da nake zaune yau kowa da bayinsa a cikin ɗaki, kowa ya rufe ƙofa ya buɗe famfo, ruwan ya bi bututu ya tafi inda ba wanda ya sani. Ba na cewa da ya fi yanzu, domin na tuna taɓo, na tuna sauro, na tuna yadda matan gidan ke fama da jan guga. Ina dai faɗin abin da na rasa.

Akwai abu ɗaya da sai na bayyana kafin in ci gaba, domin na ga jikokina ba su san shi ba. Babanmu ɗan farin Iya ne, saboda haka tana jin kunyarsa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, har yaron maƙwabta mai irin sunan wani suna dabam ta laƙaba masa. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. In ya zo gaishe ta da safe, yakan durƙusa daga wajen ƙofa, ta amsa a taƙaice tana kallon bango. In tana da magana da shi sai ta faɗa wa wani, ko da yana tsaye yana ji, ta ce, “A gaya wa mai gidan nan.” Wanda bai sani ba sai ya ce ba ta son sa. Mu kuwa mun san man da ya fi kyau, na tatar farko, a kwanonsa yake ƙarewa.

Shekarun farin nan da kowa ya sani sun same ni ina jami'a. Na zo hutu na ga gawar shanu a gefen hanyar Ɓaɓura, na ga mutanen da suka tsallako iyaka da 'yan ƙullin kayansu suna neman abin da za su ci. Rijiyarmu ta ja baya, aka yi ta ƙara wa guga igiya. Alwala ta koma rabin buta, wani lokaci mutum biyu buta ɗaya. Bishiyar ta zubar da yawancin ganyenta, ba ta yi fure ba, amma ba ta mutu ba, domin rabin butar nan ma a gindinta yake sauka. Iya ta ce, “Ta yi azumi tare da mu.” Da ruwa ya dawo sai ta sake tohowa.

A jami'ar ne na san sunanta. Ilimin tsirrai na karanta, kuma wata rana a lambun gwaji na ci karo da jerinsu, da ɗan allo a gindi. Na tsaya kamar na ga ɗan garinmu a tasha. Anato ake ce mata, masana kuma suna kiran ta Bixa orellana. Asalinta ƙasashen zafi na Amurka, daga can aka yaɗa ta. Na karanta cewa masana'antu na rina bota da cuku da ita, cewa launin mai ne ke narkar da shi, a ruwa kuwa sai da abu mai kaifi irin kanwa, kuma wasu masana na lissafa ta dangi ɗaya da rawayarmu ta jeji. Na ƙosa hutu ya zo.

“Iya, na gano sunan bishiyarki.”

“Da ɓata ta yi?”

“Anato ake ce mata.”

“Wa ya raɗa mata? An yanka rago ba a kawo mini kai ba?”

“Kuma asalinta daga wata ƙasa ce can bayan teku.”

“Ƙarya kake, miji. A bayan gidan wata mai sayar da kifi na tsinko ta.”

Da na ce 'yar uwar rawaya ce sai ta ce wannan kam ta yarda, halinsu ɗaya a tukunya.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Babanmu ya bar aikin En'e ya kama 'yar kwangila, Allah kuma ya buɗa masa. Aka sauke rufin wasu ɗakuna aka sa kwano, aka jawo famfo har ƙofar gida. A cikin wannan yanayi ne, wata safiya da damina, Iya ta taka ɗaya daga duwatsun nan, gansakuka ta kwashe ta, ta faɗi a kan ƙugu. Mai ɗori ya zo, ta daɗe a kwance. Ina gida a lokacin, na gama karatu ina jiran a tura ni aiki, kuma na ga abin da faɗuwar ta yi wa babanmu. Ba shi da damar shiga ya zauna kusa da ita, ba shi da damar riƙe hannunta. Sai ya yi ta kai da kawowa a zaure, duk wanda ya fito ya tare shi, “Ta ci wani abu? Ta yi barci?” Ranar da ta fara takawa da sanda, ranar motar siminti ta tsaya a ƙofar gida. Ya yanke shawarar a daɓe tsakar gidan gaba ɗaya, a kwashe duwatsun, a gina wurin alwala na zamani a bakin famfo, da magudanar da za ta fitar da ruwa ta rariya zuwa waje.

Iya ta ga buhunan a jibge. Ta aika a kira ni, kuma da na shiga ba ta ce mini miji ba.

“Zauna. Ka gaya wa mai gidan nan a bar mini gindin bishiya yadda yake. A bar duwatsun. A bar mutane su yi alwalarsu inda suka saba.”

“Iya, ai kullum yana zuwa gaishe ki. Da kin ɗan faɗa da bakinki, ko kina kallon bango ne.”

Ta dube ni. “Ka taɓa jin na roƙe shi wani abu?”

Ban taɓa ji ba. Mahaifiyata suruka ce, ba za ta shiga tsakaninsu ba. Gwaggonmu, autar Iya, wadda ita ce ke iya faɗa wa kowa komai, tana aure a Roni. Ƙannen babanmu kuwa ba sa ja da maganar wansu. Ni kaɗai na rage.

Na sami babanmu a zaure tare da birkilan da zai yi aikin. Na durƙusa na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni. Babanmu ya yi dariya.

“Kai da matarka kun fara ko? Me ta yi maka alkawari, ƙosai?”

Birkila ya ce, “Alhaji, in aka biye wa tsofaffi ko kwano ba za a sa ba. Tawa uwar cewa ta yi ƙarar ruwan sama a kai zai kurmantar da ita.”

Ban ga laifin dariyar ba. Tun ina yaro duk abin da ya fito daga tsakanina da Iya wasa ne, ba a taɓa jin na ɗauko maganar gaske daga ɗakinta ba. Na ce, “Baba, wannan karon ba wasa ba ne.”

Sai ya daina dariya. Ya daɗe yana kallon ƙasa. “Duwatsun nan su suka kayar da ita. Kana nan aka ɗauke ta, ka ji ƙarar da ta yi. In ta sake faɗuwa, me zan ce?” Sannan ya ɗago. “To, kai ka karanta. Me bishiyar take bukata?”

Na ce fili a gindinta, da ruwa kullum.

“An gama. A bar mata zagaye mai faɗi, a riƙa ba ta ruwa. Ga famfo nan, ruwa har sai ta ce ya isa.”

Har yau in na juya maganar ban ga inda ta karkace ba. Magana ce ta hankali, kuma ta ƙauna. Na koma na gaya wa Iya. Ta saurara har na gama, ta ce, “Wa zai ba ta?”

Na ce, “Kowa.”

“Kowa,” ta ce. Ta jawo faifan da take saƙa ta ci gaba.

Aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Maƙwabta sun yi ta shigowa kallo. Shara ta yi sauƙi, taɓo ya ƙare, matan gidan suka samu wurin shanya. An bar wa bishiyar zagaye, aka kewaye shi da bulo aka shafa farar ƙasa. Da farko ana zuba mata bokiti safe da yamma, har ana rige-rige. Sannan aka koma sau ɗaya. Sannan wannan ya ɗauka wancan ya zuba, wancan ya ɗauka wannan ya zuba. Ba mugunta ba ce. A da ba wanda yake tuna ba ta ruwa, salla ake tunawa, ita kuma ta sha a dalilin haka. Yanzu ta zama aiki, aikin da ba na kowa ba. Famfon ma ba kullum yake kawowa ba, in ya ɗauke kuwa ruwan sha ake nema, ba na bishiya ba. Ruwan alwalar gidan gaba ɗaya yana bin magudana ya fita ta rariya, ya taru a lungu, agwagin maƙwabta na wanka a ciki.

Iya kaɗai ba ta sauya ba. Kowace salla takan dogara sanda, ta jawo butarta, ta zauna a 'yar kujera a bakin zagayen ta yi alwalarta a ciki. Buta ɗaya ta tsohuwa, a wurin da hannaye masu yawa suka saba zubawa.

An tura ni aiki nesa, sai jefi-jefi nake zuwa. Da bazara simintin kan yi zafin da ba a taka shi ba takalmi, zafin kuma ya daki ganyen daga ƙasa, bakinsu ya ƙone ya nannaɗe. Kakar farko ta ba da kwanso kaɗan. Ta biyu ba ta yi fure ba. Ina jin saiwoyinta sun wuce zagayen da nisa, suna can ƙarƙashin daɓe inda ruwa da iska ba sa kai wa, amma wannan zato ne. Wataƙila tsufa ne, wataƙila gara. Na nemi iri in shuka wata, sai na tarar abin da ya rage a ƙwaryar Iya tsoho ne, irin wannan bishiya kuwa ba ya daɗewa da rai a ajiye. Ba wanda ya taɓa tunanin ajiye sabo, tunda uwar na tsaye. Na shuka a gwangwanaye na yi ta bin su da ruwa, ko ɗaya bai tsiro ba.

Wata safiya da na zo hutu, babanmu ya gama gaishe da Iya, maimakon ya wuce zaure sai ya tsaya a gaban bishiyar. Ya kama reshe ya lanƙwasa, ya karye ƙas. Ya kama wani, haka. Ya sunkuya ya kankare ɓawon wani reshe na can ƙasa da farce, sai ga ɗan kore. Sai ya fita. Kafin hantsi ya dawo da leburori biyu da diga.

“A fasa. Daga nan har bakin rijiya. A dawo da duwatsun, suna bayan gida.”

Diga ta sauka sau ɗaya, ƙarar ta cika gidan, kaji suka watse. Matan gidan suka leƙo, yaran maƙwabta suka fara taruwa a ƙofa. Sai muka ji muryar Iya daga ɗaki.

“Kai, miji! Zo nan.”

Na je na tsaya a bakin ƙofa. Tana zaune a kan tabarma, fuskarta a bango. Babanmu yana bayana, taku kaɗan.

“Gaya wa mai gidan nan ya sallami mutanen nan.”

“Iya, akwai sauran kore a ƙasa. In aka fasa, wataƙila...”

“Na ga koren kafin ku gani. Gaya masa tun da aka yi daɓen nan ƙafata ba ta ƙara zamewa ba. Gaya masa aikin ya yi kyau, ba na so a taɓa shi.” Har na ɗauka ta gama, sai ta ƙara da cewa, “Gaya masa Allah ya yi albarka.”

Na juya zan maimaita, kamar yadda aka saba, sai babanmu ya ɗaga mini hannu. Ya durƙusa a inda yake, a kan simintin, rana na dukan sa, ya ce, “Amin.” Ya daɗe bai tashi ba. Leburorin suka dubi juna, suka saɓa digarsu suka fita.

Bishiyar ba ta kai damina ba. Iya ta rayu bayanta shekaru masu ɗan dama, ta koma saƙa da karan dafi da rawaya kamar kowa, kuma ban taɓa jin ta ambaci bishiyar ba. Babanmu ma haka. Yanzu dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su, gidan kuma an raba shi gida-gida, inda rijiyar take ma ɗaki ne.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Na san akwai sauran waɗanda suka zauna a unguwar, da waɗanda aka kai su aure Roni da Gwiwa da Ɓaɓura da faifan Iya a cikin kayansu. Ina roƙon duk wanda ya ga na yi kuskure, ko a launin furen, ko a jerin abin da ya riga wani, ya aiko mini da gyara ta hannun 'yan uwa, zan karɓa da godiya. Akwai kuma tambayar da ta fi wannan damuna. Ban sani ba ko Iya ta hana a fasa ne don ta ga bishiyar ta riga ta tafi, ko kuwa tana ganin za ta iya rayuwa, amma ta ƙi yarda a farfasa kyautar ɗanta a gaban mutane. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce in tashi in ba ta wuri, miji mai yawan tambaya ba ya kawo cefane. In akwai wata tsohuwa da ta gaya wa abin da ba ta gaya mini ba, don Allah ta faɗa mini tun ina da kunnen ji. Ni ɗan aike ne a ranar, kuma har yau ban tabbata na gane saƙon da aka ba ni ba.